Alawar Kaka

Da sassafe Maman Maɓalli ta zura hannu ƙarƙashin 'yarta, ta ji zanin gado sharkaf. Karo na huɗu ke nan a mako guda. Yarinya 'yar shekara bakwai, wadda ta bar fitsarin kwance tun ba ta iya sa takalmi da kanta ba.

Ba ta yi faɗa ba. Ta tashe ta, ta wanke ta da ruwan ɗumi, ta naɗe zanin ta cusa cikin bokiti ta rufe. Sannan ta sauko da 'yar jakar da ke rataye a bayan ƙofa, mai na'urar gwajin jini da auduga da allura. Maɓalli ta miƙo yatsa tun ba a ce ta miƙo ba, ta juya fuskarta bango. Abokan aikin uwarta a shagon ɗinki ne suka sa mata wannan suna tun tana goye, saboda ƙanƙantarta da idanunta masu ƙyalli, sunan kuwa ya bi ta har na yanka ya ɓace.

Wata tara ke nan da likita ya ce ciwon suga ne, irin mai kama yara, wanda ba ya warkewa sai dai a zauna da shi lafiya. Allura safe da yamma, abinci kuma da awo. Uwar ta sami kofin roba ta ja masa layi biyu da jan farce: shinkafa ta tsaya a na ƙasa, wake a na sama. Watanni shida na farko komai ya tafi daidai, har kumatun yarinya suka dawo. Daga baya sai lambar gwajin yamma ta fara hawa, kullum sama. Ƙishirwa ta dawo. Siket ɗin makarantar da ta ɗinka mata da hannunta, sau biyu tana rage masa ƙugu.

Gidan na surukarta ne, Inna. Su ɗaki ɗaya da falo ne nasu a ƙarshen baranda. Maman Maɓalli tana fita aiki ƙarfe bakwai da rabi, ba ta dawowa sai biyar ta wuce. Baban Maɓalli mai gyaran wutar lantarki ne, ya kan kai yarinya makaranta, ya ɗauko ta da rana ya ajiye wa uwarsa, ya koma bakin aiki.

Suna fitowa suka tarar da Inna a kujerarta ta baranda, da kofin shayi a hannu.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ƙawata, zo nan in gan ki. An gama huhhuda ki?" Ta kama hannun jikar tana jujjuya yatsun. "Dubi nan don Allah. Yatsun yarinya sun zama kamar rariya."

"Ga abincinta na rana a kula, Inna. Ga kuma rabin lemon zaƙi na la'asar. Ban da wannan don Allah..."

"Na ji, na ji. Kullum sai an karanta mini, kamar sabuwar 'yar aiki. 'Yar nan, tara na haifa. Ban taɓa auna wa ɗaya abinci a kofi kamar maganin tari ba."

Maɓalli ta yi dariya, Inna ta kanne mata ido. Uwar ta ga kannewar idon. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ranar Asabar tana wankin kayan makaranta ta ji wani abu na ƙara a aljihun riga. Ledar alawa ce, ja, an ninke ta ƙanana-ƙanana har ta koma kamar ƙwayar wake. Yaro ba ya irin wannan ninki don wasa. Ninkin ɓoyo ne.

"Maɓalli, mene ne wannan?"

"A hanya na tsinta."

"Babu komai a ciki kika tsinta?"

"Babu."

Yarinyar tana kallon ƙafafunta. Kunnuwanta har motsi suke. Uwar ta san 'yarta ba ta iya ƙarya ba, kuma ta ga alamar yanzu ake koya mata.

Ta bari har mijinta ya ci abinci ya wanke hannu, sannan ta ajiye masa ledar a gwiwa.

Ya ɗaga ta ya duba gaba da baya, kamar wayar da ta ƙone. "To?"

"Inna na ba ta alawa."

"Kin gani da idonki?"

"Ban gani ba. Amma na'ura tana gani kullum da yamma."

"Na'ura." Ya yi tsaki mara ƙarfi. "Ni da nake aiki da na'urori na san yadda suke ƙarya. Wataƙila batir ne ya yi sanyi."

"Fitsarin kwancen ma batir ne?"

Ya shafa gemu. Ba mugun mutum ba ne. Ranar da aka fara yi wa yarinyar allura, fita ya yi bayan asibiti ya yi kuka. Amma a duniya babu abin da yake so kamar ya dawo gida ya tarar babu hayaniya, ya ci abinci, ya miƙe ƙafa.

"Ki dubi Allah, uwata ce fa. In je in ce mata me? Inna, kina kashe mini 'ya? A kan leda? Kuma in ta yi fushi ta ce ba za ta ƙara riƙe ta ba, wa zai riƙe ta? Ke za ki bar aikin?"

Ya san ba za ta iya bari ba. Daga keken ɗinkinta kuɗin allurar ke fitowa.

Ranar ganin likita tare suka je. Likitan ya daɗe yana duba lambobin da ta rubuta, ya ɗora Maɓalli a ma'auni, ya girgiza kai.

"Ta ragu. Lambar safe da dama-dama, ta yamma ce ta ƙi. Maman yarinya, ki nutsu ki ba ni amsa. Tsakanin rana da la'asar, kin tabbata ba ta cin komai sai abin da kika auna?"

Ledar tana cikin jakarta a lokacin, a ƙaramin aljihu mai zif. Ta ji nauyinta kamar dutsen guga. Ta dubi mijinta. Ya ƙura mata ido, irin kallon mai roƙo. Ta hango yadda za a yi: ta kai ƙarar surukarta gaban baƙo, a gaban ɗan da ta haifa. Ta hango barandar da za ta riƙa wucewa safe da yamma, da gaisuwar da ba za a amsa ba.

"Na tabbata, likita."

"Shi ke nan. Yara suna girma, buƙatar jikinsu tana canzawa. Za mu ƙara allurar safe kaɗan."

A hanyar dawowa mijin ya saya mata ruwan sanyi ba ta roƙa ba. Ta riƙe robar har gida ba ta buɗe ba.

Bayan mako uku aka sake ƙarawa.

Lambar ta ɗan sauko, ba ta kai inda ake so ba. Maɓalli ta zama mai saurin kuka. Malamarsu ta aiko cewa tana barci a aji, kuma ta kan nemi fita bayan gida sau uku kafin a tashi. Wani ƙurji ya fito mata a ƙafa ya ƙi warkewa. A shago, uwar ta ɗinka hannun riga a baibai har sau biyu a rana ɗaya, mai guga ta ɗaga rigar tana nuna wa kowa.

"Jama'a ku zo ku ga sabon yayi! Wannan sai mai hannu a baya."

Aka yi dariya, ita ma ta taya su. Da ta sunkuya warware zaren sai ta ga allurar keken ta zama biyu a idonta.

Ranar ta yi ta maza. Da ta dawo ta durƙusa gefen kujerar Inna, ta sassauta murya iyakar iyawarta.

"Inna, ba rashin kunya zan yi miki ba. Roƙo na zo yi. In akwai abin da take samu da rana, ko kaɗan ne, a taimake ni a daina. Jikinta ba ya iya ɗauka."

Inna ta ajiye carbinta a cinya. "Wato ni ce."

"Ban ce ke ce ba."

"Kin ce mana. Ni da nake wuni da ita, nake goge mata majina, ni ce maƙiyiyarta. Ke kina can kina taka keke. Kin san yadda take yi in 'ya'yan maƙwabta suka shigo da abu a hannu? Tsayawa take tana haɗiyar yawu, maƙogwaronta na hawa yana sauka. Ke ba ki gani. Ni nake gani." Ta damƙe carbinta. "Na huɗu a 'ya'yana, a gadon asibiti ya roƙe ni lemon kwalba. Aka ce likita ya hana. Na hana shi. Washegari aka rufe shi da ƙishinsa. Shekara talatin, har yau ban iya kallon kwalbar lemo ba. Sai ki zo ki ce mini in zuba wa yarinya ido tana haɗiyar yawu?"

Kuka ya ƙwace mata, na gaske, ba na makirci ba. Duk bayanin da Maman Maɓalli ta tsara a hanya ya tsere. Ita da ta zo roƙo, sai ga ta tana ba da haƙuri.

Kafin magariba labari ya kai wa Gwaggo, yayar mijinta, ta bugo waya.

"Ke yanzu tsohuwar nan za ki sa kuka? Da hawan jininta? In wani abu ya same ta, ki sani ke ce. Alawa nawa ce ma? Mu da muka tashi muna lasar gwangwanin madara, ga mu nan garau. Ki rage bin maganar likitoci kamar wahayi."

Mijin ya dawo ya tarar da gida a dagule. Ya shiga wurin uwarsa ya daɗe. Da ya fito abin da ya ce kawai shi ne, "Ai na faɗa miki."

Washegari Lahadi, tana tsugune a bayan ɗaki tana cuɗa zanin gado, hawaye suka zubo mata ba shiri. Ba ta ji takun yarinyar ba sai da ta ga inuwarta a ruwan bokiti.

"Mama, ni ce na sa ki kuka?"

"A'a. Kumfa ce ta shiga idona."

"Saboda fitsarin ne?"

"Na ce kumfa ce. Je ki yi wasa."

Maɓalli ba ta tafi ba. Ta tsuguna, ta kama bakin zanin da 'yan hannuwanta tana taya ta matsewa.

Litinin da yamma lambar ta sauko ƙasa sosai, irin saukar da ba ta taɓa yi ba. Uwar ta yi ta hamdala, ta ce a ranta allura ta fara kama jiki. Yarinyar ta ce kanta na ciwo, hannunta na ɗan rawa, ta cinye abincin yamma tas har tana lashe cokali. Uwar ta ɗauka gajiyar makaranta ce.

Talata, wajen ƙarfe uku da rabi, tana tsakiyar kafa wuyan riga wayarta ta yi ƙara. Inna ce, wadda ba ta taɓa kiranta a wurin aiki ba.

"Ki zo. Yarinyar nan ban gane mata ba."

"Me ya same ta?"

"Gumi take ta yi, jikinta sanyi ƙalau. Ina mata magana tana kallona kamar ba ta san ni ba. Na yayyafa mata ruwa, na yi mata addu'a..."

Nas ta koya mata wannan tun ranar farko, ta sa ta maimaita har sau uku. Gumi, sanyin jiki, rikicewa: suga ya yi ƙasa.

"Inna, tana iya haɗiya? Ki dama suga cokali biyu a ruwa ki ba ta yanzu-yanzu!"

"Suga? Ni?"

"Eh, yanzu!"

"Wallahi ba da ni ba. Ranar Asabar ɗin nan kin gama ce mini ina kashe ta da zaƙi, yau kuma in ɗura mata suga da hannuna, in wani abu ya faru a ce ga wadda ta yi? Ki zo ki ba ta da kanki."

"Inna, don girman Allah!"

"Na ce ki zo!"

Ba ta san ta bar takalmi ɗaya a ƙarƙashin keke ba sai da ta hau babur. Tafiyar minti goma sha biyar ce. Ta kira mijinta, wayar na ta ringi yana kan tsani a gidan wani. Ta sake kiran Inna, ba a ɗauka ba.

Ta tarar da Maɓalli kwance a tabarmar baranda, rigarta ta manne da jiki, idanu a lumshe, haƙora a cije. Inna na gefe tana mata fifita da murfin kwano, bakinta na motsi. Lokacin ba ta ruwa ya wuce, yanzu in aka ɗura mata sai ta shaƙe. Uwar ta faɗa kicin, ta kifar da gwangwanin suga a tafin hannunta, ta jiƙa yatsa ta dangwala, ta tura cikin kumatun yarinyar tana gogawa a dasashi, tana kiran sunanta. Da haka ta saɓa ta a kafaɗa ta fita titi da ƙafa ɗaya babu takalmi.

A asibiti aka sa mata ruwa ta jijiya. Ba a yi minti goma ba yarinyar ta motsa, ta yi ƙaramin kuka, ta koma barci. Nas ta ce a cire mata jiƙaƙƙiyar rigar. Tana jan siket ɗin sai abubuwa suka zubo daga aljihu suka gangara ƙarƙashin gado. Nas ta sunkuya ta tsinto su ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan tire: alawa shida, ko ɗaya ba a ɓare ba, da biskit biyu da suka dagargaje a cikin ledarsu.

Lokacin Baban Maɓalli ya iso da Inna, suna tsaye a bakin ƙofa. Likitan ya dubi tiren, ya dubi uwar.

"Na taɓa yi miki wata tambaya. Zan sake yi."

Wannan karon ba ta dubi kowa ba.

"Ƙarya na yi maka, likita. Ana ba ta alawa da biskit kullum da rana, ban san yawansu ba. Na sani tun kafin ka ƙara allurar farko. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Likitan ya cire tabarau ya murza idanunsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Kin san abin da muka yi, ni da ke? Na ƙara allura don ta cinye sugan da ba a gaya mini ana sha ba. Muddin tana shan alawar, allurar na da abin ci. Jiya da yau yarinyar ta karɓa ta ɓoye, ba ta sha ba. Allura ta nemi abin ci ta rasa, sai ta koma kanta. Da kin ƙara minti ashirin a hanya, da wata maganar muke yi."

A baranda, tun ba su yi nisa da ƙofar ba, Inna ta fara.

"To kun ji da kunnenku. Rashin sha ne ya kayar da ita. Da ta shanye abin da na ba ta, da yanzu tana gida tana wasa. Ashe duk watannin nan ni ce nake riƙe da ran yarinyar, ana zagina."

"Inna, ba haka likita ya ce ba," in ji ɗanta a hankali.

"Da me aka tashe ta? Ba da suga ba? Da idona na ga uwarta tana cusa mata."

Ya juyo wurin matarsa yana murza hularsa a hannu. "Tunda Allah ya kiyaye, a bar maganar haka. Kowa da nasa kuskuren. Ke ma ai kin ji abin da ya ce miki. Amma da ba ki faɗa a gaban mutane ba."

Ta dube shi har sai da ya sauke ido. Sannan ta koma ciki.

Da la'asar ɗin washegari Maɓalli ta farka sosai. Ta daɗe tana kallon robar ruwan da ke ɗiga, kafin ta ce, "Mama, ban sha ba fa. Wallahi ban sha ba."

"Na sani."

"Ina so in sha. Har na sa a hanci na shinshina. Sai na tuna kina wanki." Ta haɗiyi yawu. "In na ƙi karɓa Kaka sai ta yi fushi, ta ce na daina ƙawance da ita. Shi ya sa na karɓa na ɓoye. To Mama, in na sha in yi fitsari, in ban sha ba in faɗi. Wanne zan yi?"

Manya uku a gida, ga tambayar da suka bar wa 'yar shekara bakwai ta amsa ita kaɗai, a baranda, da alawa a hannu.

Uwar ta gyara mata filo.

"Ba alawar da kika ƙi sha ce ta kayar da ke ba. Ni ce na ɓoye wa likita gaskiya, ya ba ki allurar da ta fi ƙarfinki. Yanzu ya rage ta. Ki ci gaba da ƙi, in kin iya. Ranar da kika kasa, ba zan dake ki ba, ba zan yi kuka ba. Abu ɗaya nake so: ki faɗa mini. Ko rabi kika lasa, ki faɗa mini."

"Kaka ta ce sirrinmu ne."

"Jikinki ba ya riƙe sirri, 'yata. Shi ya sa."

Bayan kwana uku aka sallame su. Likita ya ba ta doguwar takarda mai layi-layi, ya ce duk abin da ya shiga bakin yarinyar a rubuta, da lokacinsa, ko ƙwayar gyaɗa ce.

Ta gwada duk ƙofar da ta sani. Ta roƙi mai shagon ta bar ta ta riƙa zuwa da yarinyar bayan makaranta. Matar ta nuna mata almakasai da dutsen guga da wayoyin wuta a ƙasa, ta ce, "In na bar taki, gobe kowa ya kawo nasa, in buɗe makarantar raino ke nan." Ta yi wa mijinta maganar su kama ɗaki ko ƙarami ne kusa da shagon. Ya ce ranar da ya kwashe iyalinsa ya bar uwarsa ita kaɗai a gidan nan, da wane ido zai kalli 'yan'uwansa? Ta tambayi maƙwabciya ko za ta riƙe ta, matar ta ce tana so, amma ba za ta iya haɗa ido da Inna ba.

Litinin ta koma aiki. Ta miƙa kular abinci a baranda kamar kullum, aka karɓa ba a dube ta ba.

Kwana huɗu babu abin da ya faru. Ranar Juma'a da ta dawo, Maɓalli ta tare ta tun a bakin ƙofar gida, ta kama gefen mayafinta ta ja ta ƙasa, ta kai baki kunnenta.

"Kaka ta ba ni biyu. Ta ce magani ne kar in sake faɗuwa. Na sha ɗaya da rabi." Ta buɗe hannu. Ga rabin nan ya narke ya manne a tafinta.

Fushi ya taso wa uwar. Ta ji tana so ta shiga barandar nan ta faɗi duk abin da ta haɗiye wata uku. Yarinyar tana kallon fuskarta, tana jira ta ga ko alkawarin asibiti zai tsaya.

Ta haɗiye shi.

"Madalla da kika faɗa mini. Da ƙarfe nawa?"

"Bayan an kira la'asar."

"To. Mu je ki wanke hannu a gwada."

Daga kujerarta Inna ta gama jin komai. "Au! Ashe 'yar rahoto aka ajiye mini a gida. To Allah ya ba da sa'a. Daga yau kar wanda ya ƙara ce mini Kaka."

Maɓalli ta yi taku ɗaya wajen kakarta, ta tsaya, ta waiwayo wajen uwarta. Uwar ba ta ja ta ba, ba ta kuma tura ta ba. Ta shiga ɗaki ta fito da takardar likita da biro da ƙusa ɗaya daga akwatin kayan aikin mijinta. A bangon baranda, daidai inda mai shigowa zai fara kai ido, ta kafa takardar da dutse. Ta rubuta da manyan baƙaƙe: Juma'a, la'asar, alawa ɗaya da rabi.

"Mene ne wannan kuma a bangona?"

"Takardar likita ce, Inna. Ban rubuta sunan kowa ba. Abin da ya shiga cikinta kawai ake rubutawa. Duk wanda ya ba ta abu, ga biro nan a rataye. In bai rubuta ba, ni zan rubuta."

"Baƙina su zo su gani?"

"Su gani."

Da magariba Baban Maɓalli ya shigo, ya tsaya gaban takardar ya karanta. Ya kai hannu wajen ƙusar. Matarsa tana bakin ƙofar ɗaki da allurar yamma a hannu, 'yarsa na tsaye a gabanta ta ɗage riga, cikinta duk ɗigon tabo. Ya daɗe hannunsa na sama. Sannan ya sauke shi, ya wuce ciki.

A gidan nan babu wanda ba ya son yarinyar, kowa zai iya rantsuwa a kan haka, kuma ba zai yi kaffara ba. Amma da son nasu ne aka kai ta gadon asibiti. Gobe ma ƙarfe bakwai da rabi uwar za ta miƙa kula ta fita, gwangwanin alawa kuma yana nan a ƙarƙashin gadon Inna, babu mai ikon taɓa shi.

Ta goge wurin da auduga, ta tsira allurar.

"Ya yi zafi?"

"Kaɗan," in ji Maɓalli. Sai ta yi ƙasa da murya. "Mama, biskit ma rabi. Ɗazu na manta."

Uwar ta rufe allurar, ta fita baranda, ta ɗauki biro.